Fitilar da Ta Kama Ba Sallama

Ku kife wayoyin nan a tabarma tukuna. Wannan labarin ba a jin sa da haske a fuska. Yauwa. Ku matso, don ba zan ɗaga murya ba.

Kun san Hambali na Tungar Marke, mai gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwa. To da ba wannan ce sana'arsa ba. Lokacin da kamfanin wutar sola ya zo garin, ya shimfiɗa farantansa na tara hasken rana a bayan makaranta, ya ja waya gida-gida, Hambali aka ɗauka mai kula da layi. Shi ke hawa falwaya, shi ke ɗaura mita, shi ke bi da magariba yana kunna fitilun hanya ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Wanda ya samo masa aikin kuwa Zayyanu ne, amininsa tun suna wasan ƙasa, wanda kuma ya auri ƙanwarsa Sahura. Zayyanu ya yi boko mai zurfi, yana ofishin kamfanin a birni, gaban kwamfuta. A kwano ɗaya suka taso. Ko da aure ya shiga tsakani, Zayyanu bai fasa tsokanarsa ba, sai dai ya koma kiransa Yaya.

Falwaya ta ƙarshe tana bakin tsohuwar marina. Ramukan rini ne da aka bari tun zamanin kakanni, ciyawa ta rufe bakinsu. Mutane kan bi ta nan in za su kasuwa, amma ba mai tsayawa.

Ranar da Hambali zai fara kunna wannan fitila, rana ta faɗi, ba a kira salla ba tukuna. Ya ɗora hannu a kan makunni. Sai ya ji an ce, "Dakata, ɗan nan."

Wata tsohuwa ce zaune a bakin rami. Bai ji zuwanta ba. Zanenta baƙi wuluk, hannayenta shuɗaye har gwiwar hannu, irin na wanda ya wuni cikin rini.

Ya durƙusa. "Ina wuni, Iya?"

"Lafiya lau."

A nan ya lura. Maganarta ke riga bakinta. Sai ya gama jin kalma sarai, sannan leɓɓanta su motsa.

Ya so ya gudu, sai ta ci gaba da magana.

"Mun riga garinku zama a nan," in ji ta. "Ba mu taɓa kowa ba. Jikokina kan fito shan iska in rana ta faɗi. Idonsu bai san irin wannan hasken naku ba. In ya faɗo musu ba zato, ƙonewa zai yi."

"To in bar ta a kashe, Iya?"

"Ban ce ba. Mutanenka na bukatar ganin hanya. Abu ɗaya nake roƙo. Ka yi sallama kafin ka kunna, ka jira in shigar da su."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma ka ji da kyau. Ranar da ta kama ba sallama, abin da ya sami idonsu zai sami naka, don kai na sani."

"Na yi alkawari, Iya."

Kuma ya riƙe. Damina ta zo ta wuce, Hambali bai taɓa fashi ba. Ko zazzaɓi yake yi sai ya ja jiki ya je. Ya tsaya gindin falwaya ya ce, "Salamu alaikum, mutanen gida, zan kunna." Sai ya ji ɗan motsi a cikin ciyawa, kamar 'yan tsaki na gudu ƙarƙashin uwarsu. Can sai muryar ta ce, "Kunna." Tun yana zuwa da tsoro har ya saba. Wani lokaci ma yakan ji dariyar yara ƙasa-ƙasa, ya kama kansa yana murmushi. Bai faɗa wa kowa ba.

Ana nan, wata Juma'a Zayyanu ya kawo Sahura ganin gida. Suna cin tuwo a zaure, sai ya fara zuba, bakinsa har kunne.

"Yaya, ka kusa hutawa da yawo. Sabon tsari ya zo. Kowace mita da kowace fitila za a maƙala mata 'yar na'ura mai layin waya a ciki, ta riƙa magana da ofis kai tsaye. Ina zaune a birni zan ga gidan da wuta ta yi wa yawa, in ga inda waya ta tsinke, in karkata wuta daga nan zuwa can. Fitilun hanya kuwa, taɓawa ɗaya, garin nan gaba ɗaya ya haske."

Hambali ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ture kwanon, ya duba ƙofa, ya rage murya. Ya kwashe labarin tsohuwa kaf ya faɗa masa.

Da Zayyanu ya yi dariya a ranar, da da sauƙi. Da Hambali ya san inda ya tsaya. Amma bai yi ba, kuma wannan shi ne abin da ke ci mini rai a labarin nan har yau. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Ya dafa kafaɗar Hambali.

"Haba Yaya, a kan fitila ɗaya? Zan cire ta daga tsarin. Wallahi tallahi ba mai taɓa ta sai kai."

Hankalin Hambali ya kwanta. Wa zai yarda da shi in bai yarda da Zayyanu ba?

Ranar da masu ɗaura na'urorin suka zo, Zayyanu ya bugo ya ce wa Hambali ya je wani ƙauye can gaba, wai waya ta tsinke. Ya je ya duba sama da ƙasa, bai ga komai ba. Da ya dawo da yamma, sai ya hangi ɗan akwati ruwan toka a saman falwayar marina. Nan take ya kira.

"Ado ne kawai, Yaya," in ji Zayyanu. "Ba a haɗa shi ba. Don kada manya su ce an tsallake guda."

Hambali ya yi sallama, ya jira, ya ja makunni. Ta kama kamar kullum. Ya ce a ransa, Allah ya yafe mini zargin ɗan'uwa.

Sai ranar buɗe sabon tsari ta zo. A birni an jera kujeru, an kunna babban allo. Manyan kamfanin sun shigo ta kiran bidiyo, wasu daga Abuja, wasu daga ƙasar waje, kowa da fuskarsa a ɗan gidansa na allo. A tsakiya ga taswirar Tungar Marke, kowace fitila ɗigo guda. Zayyanu ne zai taɓa, kuma ya san ana maganar ƙarin girma. Ɗigo ɗaya da ya ƙi kamawa zai ɓata masa hoto.

Hambali bai san da wannan lissafin ba. Yana kan kekensa, ya nufi marina a natse. Rana ta faɗi. Yana hango falwayar, saura kaɗan ya isa.

Sai garin ya haske gaba ɗaya.

A bayansa yaran gari suka ɗauki ihu, "An kawo! An kawo!" A gabansa ma aka ɗauki ihu. Amma wannan ba na murna ba ne. Muryoyi ne ƙanana, siraran gaske, suna fitowa daga cikin ciyawa, ƙarƙashin farin hasken da ya zubo a kan ramukan.

Ya yar da keken ya ruga. Ya ja makunni ƙasa. Ya tura sama. Ya sake ja. Ko gezau. An raba makunnin da fitilar tun daga birni.

Ya zaro waya ya kira Zayyanu. Aka ɗauka, yana jin tafi ta can.

"Zayyanu, kashe ta marina! Kashe ta yanzu!"

"Yaya, manya na kallo. Anjima."

"Ka rantse mini!"

"Don Allah ka bar zancen nan. Kai ka yi wa tsohuwarka alkawari, ba ni ba."

Hambali ya duƙa ya lalubo dutse. Na farko ya wuce. Na biyu ya daki ƙarfe. Na uku ya tarwatsa ƙwan, gilashi ya zubo masa a ka. Duhu ya dawo.

Ihun ya tsaya. Sai kuka ƙasa-ƙasa.

Tana tsaye a gabansa. Bai taɓa ganin ta a tsaye ba, ashe doguwa ce. Bayan zanenta wasu ƙananan abubuwa sun maƙale, suna murza fuska.

"Ɗan nan," ta ce. "Ban ji sallama ba."

Wannan karon bakinta bai ma motsa ba.

Idonsa ya fara yaji, kamar an watsa masa barkono. Ya dubi fitilun gari, ya ga suna dushewa daga gefe-gefe, alhali ba wanda ya kashe su. Ya zube a ƙasa.

"Iya, wallahi ba ni ba ne. Ina hanya. Kin san ban taɓa fashi ba."

"Na sani. Shi ya sa na tsaya tambaya. To wa ya kunna?"

"Yana birni. Daga nesa ake kunnawa yanzu."

"Ni ban san birni ba. Ban san hanyarsa ba." Ta dubi wayar da ke hannunsa, wadda har yanzu ba a katse ba. "Abin nan yana kai murya har inda yake?"

Hambali ya dubi wayar.

Ta miƙo shuɗin hannunta, ta buɗe tafi. Ba ta ƙwace ba. Jira take yi.

Ya ƙanƙame wayar a ƙirji. Ya tuna Sahura da tsohon cikinta. Ya tuna ranar da ya faɗa kududdufi suna yara, Zayyanu ya jawo shi da wuyan riga. Ya ce a ransa, gara ni. Ya fara neman wurin katse kiran da babban yatsa, ga shi ba ya ganin fuskar wayar sosai.

Sai muryar Zayyanu ta fito daga ciki, nesa kaɗan. Ashe ya ajiye wayar a tebur ya manta bai kashe ba. Da manaja yake magana, yana 'yar dariya.

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe, mai kula da layinmu ne. Kansa ya ɗan taɓu, wai aljanu yake gani. Ai na riga na rubuta, ƙarshen wata za a raba shi da aikin. Na'ura ta karɓe shi."

Hambali ya ji wani abu ya tsinke a ƙirjinsa. Ba tsoro ba ne, ba ma fushi ba ne. Baƙin ciki ne tsagwaronsa, na mutumin da ya gane tun a zaure, tun hannu na kan kafaɗarsa, an riga an gama da shi.

Ya ɗora wayar a tafin tsohuwa.

Ta kai ta kusa da baki, a hankali, kamar mai hura koko.

"Salamu alaikum," in ji ta.

Shiru. Ta sake, da ɗan ƙarfi. "Salamu alaikum, masu gida."

Aka ji an ɗauki wayar daga tebur. Zayyanu ɗan Musulmi ne, an yi masa tarbiyya, bakinsa ya amsa tun kafin kansa ya yi tunani.

"Wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

Wayar ta faɗi cikin ciyawa. Ba tsohuwa, ba kuka, ba motsi. Yajin ya bar idon Hambali, fitilun gari suka dawo masa tar. Daga cikin ciyawa kuwa, ta 'yar wayar nan, yana jin Zayyanu na tambaya, "Wa ya kashe allon? Wa ya kashe wutar ofis?" Wani kuma na ce masa ba wanda ya kashe komai.

Tun daga ranar Zayyanu bai ƙara gani ba. An kai shi asibitoci. Likitoci suka duba suka ce ido lafiyarsa ƙalau. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ba abin da ya canza. Kamfanin ya turo saƙon jaje ta waya, ya ɗora wani a kujerarsa. Hambali ma an raba shi da aikin kamar yadda aka tsara. Sahura ta kwaso mijinta da jaririnta suka dawo Tungar Marke. Yaron na nan yana gudu yanzu, ubansa bai san kamanninsa ba.

To wa kuke tsammani ke jan Zayyanu zuwa masallaci? Hambali. Shi ke riƙe kan sandar, kullum, ba ya fashi. Mutane na cewa ga amini na gari, shi kuwa ba ya amsawa.

Sun daɗe a haka ba wanda ya ta da zancen. Sai wata rana, suna tafe za su sallar la'asar, Zayyanu ya ja sandar ya tsaya.

"Yaya."

"Na'am."

"Muryar nan da ta yi mini sallama. Ta wayarka ta shigo."

"Ta wayata."

"Ƙwacewa ta yi?"

Hambali ya juyo ya fuskance shi.

"Miƙa mata na yi."

Zayyanu ya gyaɗa kai. Bai saki sandar ba, don ba shi da wani mai jan sa. Hambali ma bai saki ba.

"Akwai kwata a gabanka," ya ce. "Ɗaga ƙafa."

Falwayar marina na nan har yau ba ƙwai. An sa sabo ya fi a ƙirga, ba ya kwana. Ku kuwa, kada in ji an ce wani cikinku ya bi ta wurin shi kaɗai in rana ta faɗi. In ta kama dole, ka tsaya daga nesa, ka kashe tocilar wayarka, ka yi sallama, ka jira. In aka amsa, ka wuce abinka, kada ka tsaya duban bakin mai amsawa.