Keken da Ba Ya Jin Magana

An yi wani mutum da bai taɓa hawan komai ba sai jaki. Ran nan ya hau kasuwar kan tudu sayen keken hawan dutse.

Mai kekuna ya ce, "Baba, wannan ya fi araha, amma fa ba birki."

Ya ce, "Jakina birki gare shi? Magana nake masa."

Ya ɗaura sabon tulun matarsa a baya, ya kama gangara. Ya ce tsaya, keke bai tsaya ba. Ya yi masa alkawarin dusa, keke bai tsaya ba. Ya haɗa shi da Allah, keke bai tsaya ba, sai cikin kududdufi.

Ya fito riƙe da wuyan tulu, ya koma wurin mai kekuna.

"Kai yaro, ashe kurma ka sayar mini."