Raga Ɗaya, Hoto Arba'in

Da hantsi aka tsinci gawar Cyprian a bakin kwalbatin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, ruwa ya jawo ta tun daga Sabon Gari. Mutumin kayan gyaran babur yake sayarwa. Da asuba aka tsuge da ruwa, ya fito zai duba shagonsa, ya taka murfin sabuwar kwata, kankaren ya burme da shi.

Hambali magini ya isa wajen ramin kafin 'yan sanda. Shekara talatin yana cakuɗa siminti a Fagge, shi ya sa aka sa shi a kwamitin unguwa da ke sa ido kan aikin. Wani bankin raya ƙasashe ne ya ba gwamnati rance don a yi wannan kwata a huta da ambaliya. Bankin ba ya sakin kuɗi gaba ɗaya, sai kashi-kashi: a yi aiki, a nuna, sannan ya ƙara. Kwamitin kuwa sau ɗaya aka taɓa kiransu, ranar da aka raba musu lemo aka ɗau hoto.

Ya ɗauki ɓallin kankare ya jujjuya. Ransa ya ɓaci. Ko tsinken rodi babu a ciki.

Bridget, matar mamacin, tana zaune cikin taɓo. Ta ɗago ta ce, "Baba Hambali, ba kai ka ce mana wahalar ruwa ta ƙare ba?"

"Ni na faɗa, Madam."



Kafin azahar Sufeto Ifeanyi ya kama Taofeek mai ɗaurin rodi. Injiniya Moshood, wanda ke kula da aikin, shi ya nuna shi, ya ce ɓarawon ƙarfe ne. Hambali ya bi su caji ofis ya dangwara ɓallin nan a kan tebur.

Sufeto ya ce, "Malam, nan ba wajen gini ba ne. Ko shi ya sace, ko 'yan bola jari suka fasa suka zare."

"Yallaɓai, ka taɓa zare rodi daga busasshen kankare? In an zare, sai ya bar gurbi da tabon tsatsa. Duba nan. Sumul. Ƙarfe bai taɓa kwana a cikin wannan ba. Ka bar 'yan bola jari su sarara."

"To ɗan kwangila ne bai sayo ba."

"Na tambayi mai gadin wajen aikin. Tirela biyu aka sauke a gabansa. Bayan mako guda wata mota ta kwashe, aka ce masa wani layin za a kai."

"Wa ya ce?"

"Direba. Direban kuma ba a sake ganinsa ba."

Aka fito da Taofeek, idonsa ya kumbura. Hambali ya ce, "Kai, dube ni. Ragar rodi nawa ka ɗaure?"

"Ɗaya tak, Baba, wallahi. Kwana uku na yi aka kore ni. Wai ina ɓata lokaci, ina matse rodi kamar gidan ubana zan gina."

"Wannan tabon na hannunka fa?"

"Bakin rodi ne ya yanke ni. Sai na yagi ƙyallen atamfar matata na naɗe bakin, kar ya yanki wani."

Hambali ya dubi hannun. Na hagu ne, kuma shi ne ya yi kanta saboda aiki.

Daga nan ya wuce ofishin aikin a Titin Ibrahim Taiwo. Hajiya Fanta, jami'ar da banki ya ajiye don bin diddigi, ta tarbe shi da ta'aziyya. Ta ce ƙa'idarsu a fili take: kowace gaɓa ta kwatar sai an ɗauki hoton ragar rodi kafin a zuba kankare, injiniya ya sa hannu da kwanan wata. Gaɓa arba'in, hoto arba'in, duk sun cika. Jibi Alhamis za a saki kashi na biyu, a ci gaba har ƙofar makarantar firamare.

Hambali ya ce, "Hajiya, kin taɓa zuwa ranar zubi?"

"Hotunan sun wadatar, Malam."

"Sun wadatar da ke. Rance ne fa, jikokinmu za su biya, mu kuma yana kashe mu. Ba ni hotunan."

Ba ya iya karanta Turancin da ke ƙasansu, amma ƙarfe yana karantuwa a wajensa. Ya jera su a ƙasa tun daga bakin ƙofa har gindin tebur, ya tsuguna. Bai yi minti goma ba ya miƙe ya ce ta kira Sufeto, ta kira injiniya.

Injiniya Moshood ya shigo yana ƙamshin turare, ya ƙi zama. Ya ce, "Yanzu birkila ne zai duba mini aiki?"

Hambali ya ce, "Tambaya ɗaya ce, Injiniya. Yaushe ka kori Taofeek?"

"Kwana uku da fara aiki. Na ga take-takensa."

"Bai sake taka wajen ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Wa ya ɗaure sauran ragar?"

"Wasu na ɗauko."

"Su ma duk bahagwai ne?"

Hambali ya ɗauki hoton farko da na ƙarshe ya miƙa wa Sufeto.

"Yallaɓai, duba murɗin wayar. Mai hannun dama dama yake murɗawa. Wannan hagu aka murɗa, tun daga na ɗaya har na arba'in. Bahago ɗaya ne a aikin, kuma Injiniya da bakinsa ya ce ya kore shi a kwana na uku. Yanzu duba kusurwar nan. Ka ga ƙyalle? A hoton farko ja ne jawur. A na ashirin ya koɗe. A na arba'in ya zama kamar tsumman goge tukunya. Tsatsar ma haka take ƙaruwa, wata biyu ruwa na dukan ta. Raga ɗaya ce! A ɗora ta, a ɗau hoto, a ɗage ta, a zuba kankare tsura, a ja ta gaba. Sauran rodin ya sayar. Ya san 'yan ofis za su duba takarda, shi ya sa ya gyara takarda. Ƙyallen kuwa bai ma gan shi ba, don shi bai taɓa sunkuyawa kan rodi ba balle ya yanke shi."

Sufeto ya duba ƙasan hotunan. Sa hannu iri ɗaya ne, sau arba'in. Ya ce, "Injiniya, ina ragar take?"

Moshood ya share gumi, ya fara cewa ai za a iya zama a fahimci juna. Ankwa ta rufe masa zancen. A bayan gidansa aka sami ragar jingine da katanga, ƙyallen na nan.

Da la'asar aka saki Taofeek. Hajiya Fanta ta dakatar da kashi na biyu, amma ta ce manyanta za su so hujja a kan sauran gaɓoɓin, sai an kawo masana da na'ura, wataƙila wata guda.

Hambali ya ce, "Wata guda a tsakiyar damina? Yara na bi ta kai safe da yamma! Taso, ga na'ura a buhuna."

Ya kai ta gaɓa ta arba'in, hanyar da 'yan firamare ke bi. Mutanen layi suka taru. Ya zaro guduma, ya ɗaga, sai ya hangi Bridget a tsaye cikin baƙaƙen kaya. Ya sauke hannu ya miƙa mata.

Matar ba ta da wani ƙarfi, tun safe ko ruwa ba ta sha ba. Sau ɗaya ta buga. Murfin ya dare biyu ya rufta cikin kwata.

Hambali ya juya ya dubi Hajiya Fanta. Ya ce, "To, ɗauki wannan hoton ki aika musu."