Wa Ya Ramar Da Hamajoɗa?

"Ɗanɗana tukuna!" Hamajoɗa ya tura wa matarsa Fadimatu kwanon tuwo, idanunsa jawur.

Ta kai loma baki, hawaye na zuba. Wai wannan ne telan Limawa da ke taka keke har Mbamba don kawai ya ga murmushinta? Yanzu ba ci, ba barci. Ya rame, haƙora sun soma ruɓewa, kullum yana susa wai ƙwari na yawo cikin fatarsa. Ko gaisawa ta yi da maƙwabta, sai ya rantse shi ake ƙulla wa sharri.

Mahaifiyarsa, Dada Na'inna, ta leƙo. "Lafiyayye na ba ki ɗana. Me kike zuba masa?"

"Wallahi Dada, ban taɓa—"

"Rufe min baki! Bappansa ya ce a sake ki. Ba don shayin da nake haɗa masa ba, da tuni ya faɗi."

Shayi? Fadimatu ta soma zargi. Washegari ta laɓe bayan zana, ta ga Dada ta kwance bakin zane tana murƙushe wata farar ƙwaya a kofi. Nan take Fadimatu ta kira maƙwabciyarsu Kezia, wadda nas ce.

Kezia ta karɓi ragowar ƙwayar a hannun Dada, ta juya ta a tafinta. "Mama, ina kika samo wannan?"

"Tashar Jimeta mana. Mai talla ya ce maganin ƙarfi ne, direbobin Maiduguri ma shi suke sha. Da kwangilar yunifom ta yi masa yawa na fara ba shi. Yanzu in bai sha ba, har kuka yake."

"Metamfetamin ke nan! Tana hana ci da barci, ta wahalar da zuciya, ta taɓa ƙwaƙwalwa har mutum ya zargi masoyinsa."

Dada ta zube ƙasa tana salati. "Ni da hannuna?"

Fadimatu ta matso kusa da ita. Ita ce ma ta ɗaga ta. Tare suka kai Hamajoɗa asibiti. An sha fama: ya yi zagi, ya yi magiya, har ya taɓa guduwa tasha neman ƙwayar, Fadimatu ta bi shi ta dawo da shi.

Da damina ta kama, ya koma kan kekensa na ɗinki. Haƙoran da suka zube dai sun tafi ke nan. Ran da Bappa ya zo duba shi, Dada ta riƙo hannun surukarta.

"Duk mai son a saki yarinyar nan, ya fara korata."

Hamajoɗa ya sunkuyar da kai. "Fadi, ki yafe min."

"Na yafe tun kana kwance."

Jama'a, maganin da ba likita ya ba ku ba, ku guje shi ko daga hannun wa ya fito. Kuma a bincika kafin a zargi mai haƙuri.