Ƙafafun Baa Abatcha

Kellu na durƙushe a tsakar gida tana wanke 'yan kwalabe, sai ga uwarta, Ya Gaji, ta fito ta tsaya mata a kai, ta riƙe ƙugu.

"Ke Kellu! Wai ba za ki raba ni da kwalaben nan ba? Jiya a gidan suna wata ta dube ni ta ce, 'Gaji, ashe duk bokon da 'yarki ta yi na tara fitsarin maza ne?' Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige!"

Kellu ta yi murmushi. "Ya, ai na sha gaya miki. Ƙoda ba ta magana, fitsari ne bakinta."

"Bakinta ko bakinki! Allah ya shirye ki."

Ita fa Kellu malamar jami'a ce a Yamai, tana koya wa ɗaliban likita yadda jikin ɗan Adam ke aiki. Tana 'yar kwaleji mahaifinta ya rasu, jikinsa duk a kumbure, aka ce sammu ne. Sai da ta yi nisa a karatu ta gane ƙodarsa ce ta mutu. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Manoman tattasai na bakin kogin Komadugu da yawa haka suke tafiya: wuni cikin rana, ba shan ruwan kirki, in jiki ya yi tsami a watsa ƙwayoyin 'yan tire a koma gona. Shi ya sa duk hutu take dawowa Diffa da akwatin ƙanƙara, tana bin ƙauyuka tana roƙon fitsari don ta auna.

Sai kuma Tahiru, malamin lissafi a Diffa. Tun suna kwaleji suke son juna, ya jira ta ta gama karatu, 'yan uwansa na yi masa gori ya toshe kunne. Shi ɗa ne ga Baa Abatcha, babban manomin tattasai a Gagamari. Uban bai ƙi Kellu ba. Uwar ce, Ya Aisa, ta kafa sharaɗi: ta yarda da auren, amma kada kwalbar Kellu ko ɗaya ta shiga Gagamari, balle gidanta.

"Ki yi haƙuri ki amsa," in ji Tahiru. "Ƙauyuka nawa ne a bakin kogin nan? Ki bar mata guda ɗaya."

Kellu ta amsa. Aka sa ranar aure bayan tsinkar tattasai na shekarar dubu biyu da uku.

To, a ranar da muke magana, da la'asar, Baa Abatcha ya biyo daga kasuwa ya kawo wa Ya Gaji buhun tattasai. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Kellu ta kawo ruwa. Kowa ya san yadda ake yi: yarinya ba ta kallon fuskar surukinta. Ta durƙusa, ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai. Wanda ya sunkuya kuwa me zai gani? Ƙafafu.

Ƙafafun sun kumbura sun yi sumul, fatar na sheƙi, igiyar takalmi ta bar rami a bayan ƙafa, ramin bai ciko ba. Ta san ƙafafun nan. Irinsu ta wanke wa mahaifinta.

"Sannu 'yata, Allah ya yi albarka," in ji tsohon.

Ta ce amin, ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado. In ta yi shiru, aurenta na nan daram. In ta buɗe baki, ta san abin da zai biyo baya. Wayyo Kellu! Ta yi kuka mai isarta, sannan ta aika a kira mata Tahiru.

"Baa ba shi da lafiya," ta ce masa. "Ina jin ƙoda ce. Ina so ka karɓo mini fitsarinsa."

Tahiru ya miƙe zumbur. "Fitsarin wa? Kellu, kina da hankali kuwa? Ubana fa! In je in ce masa surukarsa na son..."

"To a kai shi likita wani ya auna, ba sai ni ba."

"Mutumin da ko allura bai taɓa yarda an yi masa ba? In ya tambaye ni wa ya ce yana ciwo, in ce wa? Don Allah ki bari a ɗaura auren nan tukuna. In kin shigo gidan sai mu lallaɓa."

"Ƙoda ba ta san an sa rana ba, Tahiru. Ni na ga yadda nawa uban ya tafi. Ba zan sa lalle ina kallon naka yana bin sawunsa ba."

Ta damƙa masa kwalba. Ya karɓa kamar an ba shi garwashi.

Shi ma dai ya yi ƙoƙari, kada a ci haƙƙinsa. Sai dai kunyar uba ta hana shi tunkararsa, ya bi ta wajen uwa, nan kuwa ya yi kuskure. Washegari da hantsi sai ga Ya Aisa a gidan su Kellu, ko sallamar kirki babu. Ta jefar da kwalbar a tsakar gida, ta tarwatse.

"Gaji, ga kayan 'yarki! Tun ba ta shigo ba tana neman fitsarin mai gidana? Me za ta haɗa da shi? Mutum na tafiya da ƙafarsa tana yi masa fatan ciwo! Wannan marar kunya ba za ta taka gidana ba. Tahiru kuwa, in ya sake zuwa nan, ban yafe masa nonona ba!"

Kellu ta durƙusa, hawaye na zuba. "Ya, na ji, a fasa auren. Amma don girman Allah ku kai Baa likita."

Ya Aisa ta yi tsaki ta fice.

Haka Kellu ta koma Yamai da zuciya a karye. Ta kan tsaya gaban allo ta zana ƙoda, tana bayanin yadda take tace jini tana fitar da datti, sai hawaye su cika mata ido. Ɗalibai su ce, "Madam, lafiya?" Ta ce alli ne ya shiga mata ido. Tahiru bai zo ba, bai aiko ba. Ba ta ga laifinsa ba, uwa ce ta yi rantsuwa. Amma rashin ganin laifi ba ya hana ciwo. Ta rame, ta yi baƙi, ta bar wa Allah.

Hutu na zagayowa ta dawo gida. Ko jakarta ba ta kwance ba sai ga Tahiru a zaure, idanunsa jajir.

"Baa ne ya ce in zo da ke. Da bakinsa."

A Gagamari ta sami Baa Abatcha kwance a rumfa, fuska ta kumbura har idanu sun shige, numfashi da ƙyar. An yi rubutu, an yi turare, an sha saiwa iri-iri. Ya Aisa na rakuɓe a gefe. Kellu ta durƙusa ta sunkuyar da kai yadda ta saba.

"Ɗago ki dube ni, 'yata," in ji tsohon. "Sai jiya Tahiru ya gaya mini dalilin fasa aurenku. Ce mini aka yi ke kika ƙi zaman ƙauye. Ashe ni kika zaɓa kika bar aurenki."

Kellu ta fashe da kuka. "Baa, ka yafe mini rashin kunyata."

"Ina rashin kunya a nan? Ni kaina na ga kumfa a fitsarina tun bara, kunya ta hana ni gaya wa kowa. Kawo kwalbar."

Aka auna, aka tsallaka da shi Maiduguri wankin ƙoda. Ina! An makara. Ya ce a maido shi gida. Kafin ya cika ya tara ƙannensa da 'ya'yansa da masu yi masa aiki a gona, ya ce duk mai jin maganarsa ya karɓi kwalba a hannun Kellu. A cikinsu aka gano ciwon ya fara taɓa Babagana, ƙanen Tahiru, aka tare shi da wuri. Shi kuwa Baa Abatcha bai ga jan tattasan bana ba.

Kellu ta yi kukansa kamar yau ta rasa nata uban. Maganar aure ba wanda ya tayar, ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar da Ya Aisa ta fita takaba, ba ta nufi ko'ina ba sai gidan Ya Gaji. Ta sami Kellu a tsakar gida, daidai inda ta taɓa fasa kwalba. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da 'yar kwalba, ta miƙa wa Kellu.

"Nawa ne," ta ce. "Ki auna mini, 'yata. In kin gama kuma, ki zo ki shiga ɗakinki. Ni na hana mai gidana magani, kada in hana ɗansa mata."

Suka rungume juna suna kuka, Ya Gaji na taya su.

An ɗaura auren ba kiɗa ba guɗa. Da aka kai amarya Gagamari, ta tarar da takalman Baa Abatcha a bakin zaure, ba wanda ya iya ɗauke su. Ta durƙusa a gabansu, ta sunkuyar da kai, ta yi masa addu'a.

'Yan uwa, kunya ado ce, kuma haƙurin Kellu bai faɗi ƙasa banza ba. Amma kunyar da za ta sa a ɓoye ciwo har ya kai mutum kabari, wannan ba tarbiyya ba ce. In wanda ke ƙaunarku ya gaya muku abin da kunne ba ya so, ku saurare shi tun mai ciwon na tafiya da ƙafarsa.