Bikon Mas'udu a Tsakiyar Tafki

"Saƙo arba'in da bakwai, Nana! Arba'in da b-b-bakwai na turo miki, ko ɗaya ba ki buɗe ba!"

Abin da Mas'udu ya fara gaya wa matarsa ke nan bayan kwana shida bai sa ta a ido ba. Ko babur ɗin bai gama kafewa ba, taɓon hanya ya yi wa wandonsa ado har gwiwa.

Nana Aisha tana zaune gindin mangwaro a ƙofar gidan kakarta, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da hanya. Nan babu sabis."

"Babu mi?"

"Sabis. Ko ɗigo. Tun daga Daudawa yake barin mutum."

Mas'udu ya zaro wayarsa ya duba. Gaskiya ta faɗa. Ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya juya yamma, har da ɗan ɗage. Mutumin da ya yi shekara takwas yana gyaran waya a kasuwar Ƙanƙara, yau ga shi tsaye da waya mai tsada a hannu, ba ta fi madubi amfani ba.

"Wa nike ji yana ɗaga murya ƙohwar gidana?"

Dada ce ta fito, kakar Nana ta wajen uwa, 'yar guntuwar tsohuwa mai idon da ba ya barin komi ya wuce. Mas'udu ya zube ya gaishe ta.

"Lahiya lau. Kai ɗan nan, biko ka zo ko rigima?"

"Dada, ai na riga na yi bikon. Ga shi nan." Ya miƙa mata wayar yana tura rubutun da yatsa, saƙo bayan saƙo, kowanne da hoton zuciya a gindinsa. "Tun ranar da ta t-taho nike ba ta haƙuri."

Dada ta leƙa wayar, ta leƙa fuskarsa, sai ta fashe da dariya har tana dafa bango.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba! Biko cikin waya! Ɗan nan, mu dai a nan mai biko da ƙahwa shike zuwa, da goro a aljihu, shi zauna ƙasa shi buɗe baki. Ina goron?"

Babu goro. Abin caji ya ɗauko har guda biyu, goro kuwa ko a mafarki bai tuna ba.

"Kawo abin ga."

Kafin ya ankara ta zare wayar daga hannunsa, ta shiga ɗaki ta jefa ta cikin ƙwarya, ta rufe da faifai, ta rataye a ragaya. Ya hango wayar Nana ma tana ciki, mai jan marfi.

"Ɗiyar ga ba ta barin gidan nan sai ta ce da bakinta ta haƙura. In ba ta ce ba, hanya na nan yadda ka baro ta."

Mas'udu ya waiwaya. Ya saci kallon Nana ko za ta ce wani abu. Gyaɗarta kawai take ɓara.

Shi fa yana son matar nan, so irin wanda ke hana mutum cin abinci. Matsalar ita ce bakinsa. Tun yana yaro yake da in'ina, kuma ba ta tashin kama shi sai maganar ta fito daga zuciya. Cinikin waya zai yi shi tas babu tuntuɓe, amma ya ce wa mace yana ƙaunarta, nan harshe zai ƙulle. Da waya ta zo sai ya samu mafita. A rubuce Mas'udu wani mutum ne daban, kalamai na zubo masa kamar ruwan Agusta. Da rubutu ya nemi Nana, da rubutu ya sace zuciyarta, aka yi aure shekara ɗaya da rabi ke nan, bai kuma fasa ba.

Ranar da abin ya fashe, bayan la'asar ne, suna zaune kan tabarma ɗaya. Ta ce masa kaɗaici na damunta a gidan. Ya ce "uhm," idonsa na kan waya. Ta sake faɗa, ya ce "to." Sai ta ɗauki tata wayar ta rubuta masa maganar. Kafin ta ajiye wayar, amsa ta shigo, layi tara, har da *hasken idona*. Ta karanta, ta dubi mijin da ke zaune kamu biyu daga gwiwarta, ta tashi ta haɗa kaya. Ba ta je gidan iyayenta ba, don ta san a can saƙonsa zai same ta. Ta wuce Faskari ta nufi ƙauyen Dada.

Yinin farko a ƙauyen ya yi wa Mas'udu tsawon mako. Minti kaɗan sai ya shafa aljihu. Sau uku yana jin waya na motsi a cinyarsa, alhali tana can rataye. Ya zagaya bayan gida wai ko zai sha iska, sai ya ga tafkin.

Ya tsaya cak. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya gaji, lokacin kaka ya same shi cike taf. Furen bado fari ya rufe gefe guda, balbelu sun jeru kan wani busasshen reshe, giginyu na tsaye a tsallake. Babu ƙarar janareta, babu mai kiransa ya duba masa sifikar waya. Hannunsa ya tafi aljihu don ya ɗauki hoto, ya dawo wayam. Dole ya kalla da idonsa, ya daɗe yana kallo kuwa.

A zauren Baba Almu, ƙanen Dada, ya kwana. Da safe bayan an sha koko da ƙosai, Dada ta kira su su biyun.

"Rake nike marmari. Ku shiga kwalekwalen Almu ku tahi tsallake ku saro mani a lambu."

"Dada, ni ban iya t-tuƙi ba."

"Ita ta iya. Nan ta girma."

Haka suka shiga, Nana a baya da itacen tuƙi, shi a gaba ya rirriƙe gefen jirgin da hannu biyu kamar mai jiran allura. Da suka yi nisa ya ga abin ba wuya, namiji ya motsa masa.

"Kawo in gwada."

Ta miƙa masa ba musu. Ya tsoma itacen ya ja da ƙarfi, jirgi ya juya. Ya sake ja, ya sake juyawa. Sau huɗu suna kallon gidan Dada suna kallon giginyu. A na biyar ya watsa wa kansa ruwa a fuska, hularsa ta faɗa tafki ta kama tafiya abinta.

Nana ta yi ta maza ta danne, ta cije leɓe, ta kau da kai. Ina! Dariyar ta ƙwace mata, ta yi ta har da hawaye, tana nuna hular tana riƙe ciki.

Mas'udu ya saki baki yana kallonta. Rabon da ya ji dariyarta da kunnensa har ya manta. Hoton fuska mai dariya take turo masa, shi ma ya tura mata biyu. Ashe in tana dariya da gaske har wani ɗan shaƙewa take yi a ƙarshe. Wani daɗi ya cika masa ƙirji, tare da kunya.

Ta kamo hular da itacen, ta matse ta, ta aza a gwiwarta. Daga nan ba ta ci gaba da tuƙin ba. Jirgin ya tsaya tsakiyar ruwa.

"To Yaya Mas'udu, ga ni ga ka. Mi ka rubuta a saƙonnin?"

"In mun koma za ki g-gani."

"Ba ni karantawa. Wallahi ko ɗaya. Ka gaya mani yanzu, ko in kai ka bakin ruwa ka hau babur ɗinka."

Ba wasa a fuskarta. Ya buɗe baki.

"Nana, ni ina s-s-s..."

"Kana sona, na sani. Sai mi?"

Ya rufe bakin. Ya sunkuyar da kai yana kallon ruwan da ya taru a gindin jirgi. Can ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Kin g-gani? Abin ke nan."

"Wane abu?"

"Ba ki j-j-jira. Kullum sai ki ƙarasa mani. Ko kuma ina cikin k-kokawa da maganar, in ɗago in ga kin koma kan waya kina amsa masu sayen t-turarenki."

Nana ta dubi hular da ke gwiwarta.

"Ni taimakonka nike yi..." Muryarta ta yi ƙasa. "Don kar ka wahala."

"Na sani. Amma sai in ji kamar na g-gundure ki. A makaranta haka suke yi mani. Shi ya sa na ce b-bari in riƙa rubutawa, in hutar da ke."

Ta sa hannu ta rufe bakinta. Kwana shida tana zaune gidan Dada tana lissafa laifinsa, ko sau ɗaya ba ta kawo nata ba. Ta tuna sau nawa yana fara magana tana ɗaukar hoton tuwo don ta ɗora a sitatus. Ta tuna kwana biyun farko da zuwanta, ita ma har kan suri ta hau tana neman sabis, sai da Dada ta ƙwace wayar. Hawaye suka gangaro mata.

"Innalillahi... Yaya, mi ya sa ba ka taɓa gaya mani ba?"

"Da w-wane bakin?"

Dariya ta kufce mata cikin kukan, shi ma ya yi. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta ɗauke itacen tuƙin ta kwantar da shi cikin jirgi, ta harɗe hannuwa.

"Fara daga farko. Ko za mu kai azahar nan, ba ni cewa uffan."

Mas'udu ya ja numfashi.

"Nana Aisha... ina s-s-s..."

Maganar ta maƙale. Ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Wani kifi ya yi tsalle kusa da su ya koma. Ya buɗe ido a tsorace, yana jiran ya ga ta kau da kai. Tana nan. Ta dafe leɓɓanta da yatsu biyu don kar su yi mata gardama, idanunta na kansa ƙur.

"...s-sonki. Ina sonki. Gidan b-babu daɗi. Na dafa taliya ta zama k-kunu. Kazarki ta ƙyanƙyashe, bakwai, ban san mi ake ba su ba. In na dawo kasuwa sai in yi sallama, in tsaya ina j-jiran ki amsa..." Muryarsa ta karye. "Ki yi haƙuri, Nanata. Ki d-d-dawo."

Ba layi tara ba ne, babu hasken ido, babu tauraruwa. Amma Nana kuka take yi sosai, tana murmushi, tana gyaɗa kai.

"Ka gama?"

"Na g-gama."

"Tsaki ake ba su, da ruwa a murfin kwano." Ta ja hanci. "Na haƙura, Masoyi. Ni ma ka yafe mani."

"Na yafe! Wallahi na yafe!" Ya yunƙura zai miƙe don murna, jirgi ya karkata, ta ƙwala ihu.

"Zauna! Za ka kifar da mu!"

Ya koma ya zauna daɓas, suna ta dariya har balbelun suka tashi.

"To yau za mu tahi?" ya tambaya.

"Jibi."

"Jibi kuma?"

"Ban gaji da jin muryarka ba. In muka koma Ƙanƙara yau, kasuwa za ta ƙwace ka." Ta matso kaɗan, ta aza masa jiƙaƙƙiyar hular a ka, ta gyara mata zama. "Ba ni labarin makarantar nan. Su wa ke yi maka dariya? Duka nike so, kar ka tsallake komi."

"Labarin da t-tsawo, Nana. Kuma kin san bakina."

"Ina za ni?"

Mas'udu ya dube ta, ya ji wani nauyi da ya ɗauka tun yana aji biyu ya sauka daga ƙirjinsa. Ya gyara zama ya fara, yana tuntuɓe yana tashi. Iska ta riƙa tura jirgin a hankali cikin bado, babu wanda ya taɓa itacen tuƙi. Duk inda maganar ta maƙale masa, sai Nana ta yi tagumi ta jira.