Wasan Kawu Dodo a Siton Fata

Wata bakwai ke nan da Bara'atu ta tare a gidan mijinta a Ƙofar Rini, ba ta taɓa ganin Jinaidu ya rage fura a ƙwarya ba sai a 'yan kwanakin nan. Zamanin kuwa Nasara bai daɗe da zama a Sakkwato ba, wani kamfaninsu ya buɗe sito yana sayen fatun jar akuya, a can Jinaidu yake aiki. Shi ɗan rundawa ne, a mahauta ya tashi, in ya shafa fata sau ɗaya ya san inda wuƙa ta ci ta. Kawun Bara'atu, Dodo, shi ne helman siton, wato shugaban leburori, shi kuma ya samo masa aikin.

Ran nan bayan la'asar ta ɗauko buta za ta zuba masa ruwa, sai ta ga tafin hannunsa duk ya tsattsage.

"Maigida, mi as sami hannunka?"

"Ba komi. Kawu ya maishe ni ramin magani, inda ake tsoma fatu don kada ƙwari su ci."

"Ba tantancewa aka ɗauke ka yi ba?"

Ya kau da kai. Ta kawo man shanu, ta zauna gabansa tana shafa masa a hankali, yatsa bayan yatsa, tana jan sa da hira har bakinsa ya buɗe. Ashe kullum da safe Kawu Dodo sai ya toshe hanci ya kira shi Mai Wari, leburori su kwashe da dariya. Ya hana kowa cin abinci a kwano ɗaya da shi. In kaya ya yi kyau sai ya ce wa Baturen siton shi ya tantance, in an sami kuskure kuwa, ko Jinaidu ba ya wurin, sunansa za a kira.

"Amma wasa na, Amarya," in ji Jinaidu. "Ya ce horo shika yi mini don in zan mutum."

"Shina yi ma sauran hakan ga?"

"A'a."

"Shina yi gaban Bature?"

"A'a, sai ya fita."

"Kai fa, kana dariya?"

Ya girgiza kai. Idonta ya cika da ƙwalla, ta riƙe hannun nasa ta ce, "Wasa, mutum biyu ka dariya tai. Wanda ake ɓoye ma shugaba, ake ware mutum guda kullum, har shi kasa shan furar matatai, wanga ba wasa ba na. Cin zali na, ko da kawuna ka yi."

Washegari ta nemi izini ta tafi gidansu. Mahaifiyarta, Inna Hajjo, ba ta bari ta kai ƙarshen magana ba.

"Dodo kika kawo ƙara? Wanda yar riƙe mu da ubanki yar rasu? Wanda yak kai ki ɗaki? Namiji ba ya kai kukan wurin aiki ga mace. Ki koma ki ce mai shi yi haƙuri."

"Inna, haƙuri shika yi har hannu ya tsage."

"To ki zaɓa, ko dangi ko ɗan rundawa."

Bara'atu ta durƙusa tana kuka ta ce ita ba za ta zaɓa ba, dangi nata ne, miji ma nata ne. Ta koma gida da kumburarrun idanu. Kafin magariba magana ta kai kunnen Kawu Dodo, ya aiko cewa in ta ƙara sa baki a harkar sito, da hannunsa zai kwance auren da ya ɗaura.

Jinaidu ya dube ta ya ce, "Kin gani? Ni na iya jure rami, ba na iya jure rashinki."

"Ba inda za ni," ta ce. "Kuma ban ce ka yi faɗa da shi ba, uba na gare mu. Ka dai faɗa mai gaskiya da ladabi, gaban waɗanda shika yi a gabansu."

Haka aka yi. Da safe da Kawu ya toshe hanci, Jinaidu ya rusuna ya ce, "Kawu, sunana Jinaidu. Abin ga da kake yi shina yi mini ciwo, ina roƙon ka bari." Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijon lebura, Ƙasimu, ya ajiye ɗaurin da ke kansa ya ce, "Helma, gaskiya ya faɗi. Mu ma tsoro ka sa mu dariya." Kawu ya fusata, a ranar ya sa aka sallami Jinaidu.

An sha wuya. Wata biyu Inna Hajjo ba ta amsa gaisuwar 'yarta. Jinaidu ya koma mahauta yana taya 'yan'uwansa fiɗa, Bara'atu ta kama saƙar faifai tana aikawa kasuwa. Amma wani abu ya dawo gidan. Ya koma tsokanarta yana cewa tuwonta ya fi na sarakuna, ita kuma tana rufe fuska da gefen zane tana cewa bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Ana nan sai wani falke Ba'agale da ke kai fatu Kano ya ji labarin gwanintarsa wurin rundawa, ya ɗauke shi ya riƙa zaɓar masa kaya, da mutunci.

A sito kuwa masu saye suka fara dawo da kaya, don ana samun fata mai aibi, lamba uku, a cikin ɗaurin lamba ɗaya. Ba a daɗe ba aka sauke Kawu Dodo. Da labari ya zo, Bara'atu ta yi tuwon shinkafa ta rufe da faifai, ta ce wa mijinta su je gaisuwa.

Sun same shi a zaure shi kaɗai, yana lalube yana neman carbinsa, ga shi kuwa a gabansa. Jinaidu ya ɗauka ya miƙa masa. Tsohon ya karɓa.

"Yanar ido ta rufe mini gani tun bara," ya ce. "Da nig ga yadda kake shafa fata, na san ranata ta ƙare. Tsoro na, ɗana, nis sa mai rigar wasa. Ka yafe mini."

"Na yafe, Kawu. Da ka faɗa mini, da ni zan zame maka ido."

Inna Hajjo, wadda a gidan take zaune, tana bayan zana tana ji, sai ta fito tana share hawaye, ta dafa kan 'yarta ta ce, "Allah shi yi miki albarka. Ke kig gani, ni na rufe ido."

Daga nan zumunci ya koma yadda yake, har da Bara'atu ta haifi ɗanta na fari, Kawu Dodo ne ya yi masa huɗuba.

To, jama'a, haƙuri ba shi ne a taka ka ka ce madalla ba. Ka gane zalunci, ka kira shi da sunansa cikin ladabi, sannan ka bar sauran ga Allah. Kuma wanda ya dace da matar da take ganin ciwonsa tun bai faɗa ba, ya gode wa Ubangiji, ya riƙe ta da hannu biyu.