Shirun Bazawari

A watan da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, ba a zancen komai a birnin Kano sai wannan. Amma akwai gida ɗaya a Dala da zancen bai shiga ba, gidan marigayi Malam Ilu marini, wanda aka yi sadakar arba'in ɗinsa ranar Lahadi.

A tsakar gidan, ɗansa Mikail na zaune bisa turmi, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, takardu uku a cinyarsa. Ɗan ƙwallon kwando ne, kwantiraginsa ya ƙare a watan da mahaifinsa ya rasu. Yanzu ƙungiyoyi uku ke nemansa: ɗaya a Masar, ɗaya a Legas, sai wata sabuwa a nan Kano wadda ko rigunan wasa ba ta gama ɗinkawa ba.

Yayansa Maharazu ya tsaya a kansa. "Wai me kake jira ne? Masar fa aka ce, Masar! Ka sa hannu kawai mu huta da wannan soron mai yoyo. Ofa irin wannan ba ta zuwa sau biyu."

"To, Yaya."

"To ɗin me? To za ka, ko to ba za ka ba? Inna, ki sa baki mana!"

Inna Kulu, wadda ke cikin takaba, ta ɗago daga carbinta. "Ni me na sani a ƙwallo? Allah ya zaɓa masa mafi alheri."

Tun da aka yi rasuwar Mikail bai yi kuka ba. Ranar jana'iza sai da ya rusuna kafin kafaɗarsa ta daidaita da ta sauran masu ɗaukar makara, kuma ciwon gwiwar nan kaɗai yake iya tunawa. Abinci a bakinsa kamar auduga. Kullum yana wuce bangon zaurensu, inda Malam Ilu ya riƙa auna tsayinsa kowace Sallah, yana dangwala babban yatsansa mai shuni a saitin kansa. Dangwale goma sha huɗu, na ƙarshen sai da tsohon ya taka turmi. Mikail yakan dube su kamar a bangon wasu suke.

Akwai kuma Ummulkhairi, 'yar Malam Modu na Dukawuya, malamin Alƙur'ani wanda kakanninsa suka zo daga Barno. Ita Mikail ke nema da aure, an riga an kai kayan na-gani-ina-so, saura sa rana.

Ranar Alhamis da hantsi mai labarin wasanni ya ce a rediyo, "Ƙungiyoyi uku na zawarcin Mikail Ilu, har da ta Masar da ta Legas." Kaka Bintu, mahaifiyar Malam Modu, kunnenta ɗaya ne ke aiki, batirin rediyonta kuma ya yi sanyi. Kalmar farko ta kuɓuce mata.

"La'ilaha illallahu! Zawarci? Wanda bai taɓa aure ba ai ba a zawarcinsa! Ashe Dogo ya yi aure a yawon ƙwallonsa ya ɓoye mana! Ga ta Masar, ga ta Legas — mu za a mayar 'yan cike gurbi?"

Kafin la'asar zancen ya zaga dangi, har an ƙara masa 'ya'ya biyu a Legas. Malam Modu ba mai gaggawa ba ne. Ya aika cewa yaron ya zo ya yi bayani da bakinsa. Mikail ya ce wa ɗan aiken, "To." Kwana ɗaya, biyu, har bakwai, bai je ba. A kwana na takwas 'yan'uwan Malam suka rinjaye shi, aka dawo da akwatin kayan na-gani-ina-so.

Inna Kulu ta rufe fuska da mayafi tana kuka. "Ubanka ya tafi da daɗin wannan aure a ransa, Mikail! Taku nawa ne daga nan zuwa Dukawuya?"

Shi kuwa akwatin yake kallo. Ya lura marfinsa ya ɗan lotsa ta gefen hagu. Abin da ya iya lura da shi ke nan.

Washegari da yamma yana zaune a Ƙofar Mata, bakin ramin rinin mahaifinsa da aka kife wa tsohon kwando, sai ga Ummulkhairi ta taso daga kwalejin horon malamai, littattafai a ƙirjinta. Ta tsaya ɗan nesa, kamar yadda ya dace.

"Ni na san zawarcin ƙwallo ne, Yaya Mikail. Na gaya wa Baba tun ran farko, ya ce ba bakina yake jira ba. Gwaggonina sun ce in cire ka daga raina. Kwana tara ina ce musu zai zo, zai zo, har sun fara kwaikwayon muryata." Hawaye suka zubo mata. "Ko Masar ɗin ce ta fi, ka rasa yadda za ka faɗa?"

"Ba haka ba ne, Ummi. Ba na jin komai ne. Ko da aka dawo da akwatin — wallahi na nemi baƙin ciki a raina, ban samu ba. Mai irin wannan zuciya me zai je ya ce wa Malam?"

Ta share ido da gefen hijabinta. "To ka zo da ita haka nan. Ni na iya jira, ai ka gani. Amma ba zan iya magana a madadinka ba."

Washegari da hantsi Mikail ya sunkuya ya shiga zauren Malam Modu, ya durƙusa, ya jera takardun uku a kan buzu. Ya yi bayani a taƙaice, da murya irin ta mai karanta sanarwa. Daga bayan ƙyaure Kaka Bintu ta leƙo.

"Au! Ashe matan na takarda ne? To rediyon nan ce munafuka. Kai kuma Dogo, tsayi kamar giginya, baki kamar na allura!"

Malam Modu ya ɗan murmusa, ya tura takardun gefe. "Mai rediyo bai yi kuskure ba. Wanda ya fita daga hannu ɗaya ake nemansa, bazawari ne. Ka san hukuncin kuwa? Budurwa in aka tambaye ta ta yi shiru, shirun nan yarda ne. Bazawara ba a ɗaura mata aure da shiru, sai ta furta. Yayanka ba zai furta maka ba, ni ma ba zan furta maka ba. Kuma ba zan ba da 'yata ga mutumin da 'to' ke ja kamar akuya ba. Ina za ka?"

Mikail ya dubi bangon zauren. Fari fat, babu dangwale ko ɗaya. Nan take ya gane cewa duk inda ya je a duniya irin wannan bangon zai riƙa gani, kuma babu sauran mai taka turmi dominsa.

"Kano, Allah ya gafarta Malam." Muryarsa ta karye. "Baba bai taɓa zuwa kallon wasana ba, amma shi... Inna ko takaba ba ta fita ba. Ba zan tafi ba. Kuma ina son Ummulkhairi!"

"Wannan ban kai ga tambayar ka ba tukuna," in ji Malam. Amma Mikail bai ji ba. Ya kifa goshi a buzu yana kukan da ya yi fiye da kwana hamsin yana jiran sa, har Kaka Bintu ta daina tsiya ta koma ba shi haƙuri.

Ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati ya sa hannu a takardar Kano. Maharazu ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa. Mutanen Masar ba su sake rubutowa ba, sabuwar ƙungiyar kuma ta sha kashi fiye da yadda ta ci a shekarar farko. Amma da Inna Kulu ta fita takaba aka mayar da akwatin nan mai lotsattsen marfi, aka ɗaura aure, Ummulkhairi ta ci ribar haƙurinta.

Masu iya magana sun ce shiru ma magana ce. Gaskiya ne, amma ba ga wanda ake jiran bakinsa ba. Yarana, in baƙin ciki ya daskarar da ku, ku tafi da shi haka nan wurin masu son ku. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma kada ku bar shi yana hura wutar shi kaɗai.